Sharhi a Kan Irin Jeraniyam na Fakiti: Ribarsa Tana Cikin Lafiyar Shuka

Duk wanda ya yi niyyar ƙawata lambunsa da furen jeraniyam yana da hanya biyu a gabansa: ko dai ya sayi dashen da aka riga aka rena daga yankan reshe, wanda sau da yawa yakan zo da furensa a ka, ko kuma ya sayi fakitin iri ya fara daga ƙwaya. Wannan sharhi ya shafi hanya ta biyu ce, wato irin jeraniyam mai aure da ake sayarwa a ƙananan fakitoci masu ɗauke da alamar F1 (alamar zuriyar farko da aka samu daga haɗa iyaye biyu mabambanta), wanda na shuka a tukwane da kuma a ƙasan lambu, na kuma kwatanta shi da dashen reshe da nake da shi a wani ɓangaren daban. Ra'ayina shi ne irin ya cancanci saya, sai dai abin da ya sa ya cancanta ya sha bamban da abin da hoton jikin fakitin yake tallatawa, kuma bayanin da aka rubuta a bayan fakitin ya yi ƙaranci ƙwarai ga wanda bai taɓa renon wannan shuka ba.

Ya kamata mai saye ya fara sanin abin da ke cikin fakitin, domin sunan jeraniyam ya haɗa shukoki iri biyu. Wanda ake magana a kansa a nan, mai dunƙulen fure ja ko fari ko ruwan hoda a kan dogon tsinke, masana tsirrai suna kiransa Pelargonium, kuma mafi yawan danginsa, waɗanda suka kai kimanin 280, 'yan asalin kudancin Afirka ne. Tun a shekarar 1789 masanin tsirrai ɗan Faransa Charles L'Héritier ya raba shi da ainihin Geranium, wanda ke jure sanyi mai tsanani, amma masu lambu da masu sayar da iri sun ci gaba da kiransa da tsohon sunan. Nau'in da ya fi yawa a fakiti shi ne mai zobe mai duhu a tsakiyar ganye, wanda aka samar ta hanyar haɗa Pelargonium zonale da Pelargonium inquinans. Sanin asalin yana da amfani a aikace, saboda shukar da ta fito daga yankin da ƙasa ke bushewa tsakanin ruwa da ruwa, mai kara mai kauri da ke ajiye ruwa a cikinsa, ba za ta lamunci zama cikin laima ba ko da na 'yan kwanaki ne.

Shekaru da dama ba a san jeraniyam da iri ba a kasuwanci, reshe kawai ake yanka a dasa, domin ƙwayarsa tana da ɓawo mai tauri wanda ke hana ruwa shiga, sai ta yi ta tsirowa ɗaya bayan ɗaya ba bisa tsari ba. A shekarar 1962 ne Richard Craig na Jami'ar Jihar Pensilbaniya a Amurka ya fito da nau'in Nittany Lion Red, wanda shi ne jeraniyam na farko da aka yi nasarar sayarwa a matsayin iri, tare da dabarar kankare ɓawon ƙwayar domin ruwa ya samu hanyar shiga. Bayan shekara huɗu aka samu iri mai aure na F1, kuma daga wannan tushe ne jerin nau'o'in da ake gani yau a kasuwa suka fito, irin su Maverick da Pinto da Ringo da Multibloom. Wannan kankarewar ita ce aikin farko da mai saye yake amfana da shi ba tare da ya gani ba, kuma a fakitin da na yi amfani da shi an yi ta yadda ya kamata.

Idan aka buɗe fakitin za a tarar da wata ƙaramar takardar azurfa a ciki, a cikinta kuma ƙwayoyi 'yan kaɗan, galibi kamar goma, dogaye, waɗanda tsawonsu bai kai rabin santimita ba. Wasu kamfanoni sukan shafa musu launi mai haske domin a riƙa ganinsu a kan baƙar ƙasa, kuma wannan yana taimakawa, tunda kowace ƙwaya ana ɗaukarta ne da yatsa a ajiye ta a nata ramin. Ƙarancin ƙwayoyin kan ba mai saye mamaki a karon farko, amma ban ɗauke shi aibi ba, domin kusan dukkansu sun tsiro, kuma sun tsiro kusan lokaci guda. Ana shuka su ne a farantin reno mai ramuka ko a ƙananan tukwane, a rufe su da ƙasa marar kauri, kimanin milimita 3, a ajiye a wurin da ɗuminsa ke tsakanin digiri 21 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan ɗumi tsiron kan leƙo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ke fara fitowa shi ne ganye biyu masu santsi, zagayayyu, waɗanda ba su yi kama da jeraniyam ba ko kaɗan, sai ganye na uku ya ɓullo daga tsakaninsu a naɗe, mai laushin gashi da baki mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma idan aka murza shi a hankali za a ji wannan warin na musamman da aka san shukar da shi tun tana ƙarama haka.

A wannan mataki ne bayanin da ke bayan fakitin ya gaza. Ya ce a kiyaye ƙasar da danshi, ya tsaya a nan, alhali kuwa mafi yawan tsiron jeraniyam da ke mutuwa a hannun sababbin masu lambu yawan ruwa ne ke kashe su. Akwai ƙwayar cuta mai suna Pythium da ke rayuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wadda ke kama gindin kara daidai inda ya taɓa ƙasa, sai wurin ya yi baƙi ya yi laushi, tsiron da ke tsaye da safe a tarar da shi a kwance da yamma, kuma babu abin da zai tashe shi. Abin da ya kamata a rubuta shi ne, da zarar ƙwayoyin sun tsiro a cire duk wata leda ko murfin da aka rufe farantin da shi, a bar iska ta riƙa ratsawa, a kuma dakata da ban ruwa har sai saman ƙasar ya bushe. Ya fi kyau a zuba ruwan a ƙarƙashin farantin ƙasar ta tsotsa da kanta, sannan a zubar da ragowar bayan ɗan lokaci. Haka kuma fakitin bai ce komai ba game da irin ƙasar reno, wadda dole ta kasance sabuwa, mai tsabta, marar nauyi, kamar zaren kwakwa da aka gauraya da yashi mai tsakuwa-tsakuwa ko farin dutsen nan marar nauyi da ake kira falait. Ƙasar da aka ɗebo kai tsaye daga lambu takan daskare a cikin faranti, ta kuma zo da cututtukanta. Layi biyu ko uku sun isa su ɗauki wannan bayani, kuma akwai filinsu a jikin takardar.

Abu na gaba da mai saye zai yi la'akari da shi shi ne jira. Daga ranar shuka zuwa furen farko ana ɗaukar makonni 12 zuwa 16, gwargwadon nau'i da yawan haske da ɗumi, wato wata uku zuwa huɗu na ban ruwa da lura ba tare da ganin launi ba, yayin da dashen reshe ke ba da fure tun ranar da aka kawo shi gida. A ƙasashe masu sanyi wannan ya sa ake fara shuka a cikin ɗaki tun hunturu bai wuce ba, a cikin ɗakin kuma haske ke zama matsala, domin tsiron da bai samu isasshen haske ba yakan miƙe ya yi siriri ya karkata wajen taga. A wurare masu ɗumi ana iya renon a waje ƙarƙashin rumfa, muddin ruwan sama ba ya dukan farantin. Idan tsiron ya yi ganyen gaskiya, wato masu fitowa bayan biyun farko, guda biyu zuwa huɗu sai a mayar da shi tukunyarsa mai faɗin santimita 8 zuwa 10, a riƙe shi ta ganye wajen ɗagawa, a guji matse karan. Na lura cewa wannan iri yana fitar da rassa daga gindi da kansa, don haka bai buƙaci a tsinke masa kai kamar yadda ake yi wa tsofaffin nau'o'i ba, tsinkewar ma tana jinkirta furen ne. Lokacin mayar da shi ƙasan lambu a bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin shuka da shuka, kuma a saba masa da rana a hankali kafin a bar shi a fili.

Babbar ribar wannan iri, wadda ba a rubuta a jikin fakiti ba ko da sau ɗaya, ita ce shukar tana fara rayuwarta da tsabta. Reshen da aka yanka yana ɗauke da duk abin da ke jikin uwarsa, mai kyau da marar kyau, kuma jeraniyam yana da cututtukan da ke ɓoyewa a cikin jijiyoyin kara na tsawon lokaci ba tare da wata alama ba. Mafi muni a cikinsu ita ce ta bakteriyar Xanthomonas, wadda ke bayyana idan yanayi ya yi ɗumi: ganye ya yi ɗigo-ɗigo, ko kuma wani yanki daga bakinsa ya yi rawaya yana tsukewa zuwa tsakiya, sannan ganyayen su yi yaushi alhali ƙasar na da danshi kuma saiwar lafiyarta lau. Ba ta da magani. Tana yaɗuwa ta wuƙar da aka yanka reshe da ita, da hannu, da ruwan da ya fantsama daga wata shuka zuwa wata, kuma abin da kawai ake yi shi ne a tumɓuke shukar a jefar da ita tare da ƙasarta. Akwai kuma bakteriyar Ralstonia solanacearum, wadda a shekarar 2003 aka gano ta a gidajen renon tsirrai na Amurka a cikin yankan jeraniyam da aka shigo da su daga Kenya, aka sake gano ta a 2020 a cikin waɗanda aka kawo daga Guwatamala, kuma a lokutan biyu hukumomi sun sa an lalata shukoki masu yawa saboda wannan cuta tana kama dankalin Turawa da tumatir.

Manyan kamfanonin da ke samar da reshe suna gwada iyayen shukokinsu a ɗakin gwaji, kuma dashen da ya fito daga hannunsu galibi lafiyayye ne, amma mai lambu da ya sayi tukunya a hannu na uku ko na huɗu, ko ya karɓi reshe daga maƙwabci, ba shi da hanyar sanin tarihin abin da ya ɗauko. Wanda ya fara daga ƙwaya a sabuwar ƙasa ya kauce wa mafi yawan wannan haɗari tun daga tushe. A ganina wannan kaɗai ya isa ya rama watannin jira, musamman ga wanda zai shuka da yawa a wuri ɗaya, inda shuka ɗaya mai cuta za ta iya janyo asarar layi gaba ɗaya. Amma tsabtar farko ba garkuwa ba ce ta har abada, domin shukar iri ma tana kamuwa idan aka jera ta kusa da mai cuta, don haka yana da kyau a ware sabon dashen da aka sayo a gefe na wasu makonni kafin a haɗa shi da sauran.

Idan aka zo ga furen kansa kuwa, dole a faɗi gaskiya cewa dashen reshe ya fi shi cika ido. Kusan dukkan jeraniyam na iri furensu mai falle ɗaya ne, kowane ƙaramin fure yana da ganye biyar, dunƙulen kuma bai kai girman na reshe ba, wanda galibi furensa mai ninki ne, ganyensa da karansa ma sun fi kauri. Hoton fakitin an ɗauke shi ne daf da furen a ranar da ya fi kyau, don haka wanda ya sa ran ganin wannan cikar a kowace rana zai ɗan ji ba daɗi. Furen mai falle ɗaya yana da saurin zubewa: iska mai ƙarfi ko ruwan sama ko ɗaukar tukunya daga wuri zuwa wuri sun isa su kakkaɓe shi, kuma wannan tsohuwar matsala ce da ta sa masu reno don kasuwa suka daɗe suna fesa wani sinadari mai azurfa kafin su yi jigilar shukokin. Bayan ruwan dare, da safe nakan tarar da jajayen ganyen fure sun manne a kan koren ganye, kuma idan aka bar su a nan, cikin kwana biyu ko uku wurin zai yi tabo ruwan ƙasa, wata fumfuna mai launin toka da ake kira Botrytis ta rufe shi. Saboda haka kakkaɓe su da cire tsinken da ya gama fure aiki ne da ba a tsallakewa. Ana bin tsinken ne da yatsa har inda ya haɗu da kara, a lanƙwasa shi ƙasa, sai ya ɓalle da kansa ba tare da an sa wuƙa ba.

Duk da haka akwai inda wannan fure ya fi. Mai ninki yakan riƙe ruwa a tsakanin ganyensa idan ruwan sama ya daɗe, dunƙulen ya ruɓe tun bai gama buɗewa ba, alhali mai falle ɗaya yana zubar da na jiya ya buɗe sabo. Kuma da yake shukokin F1 suna tashi tsayi ɗaya, tsakanin santimita 30 zuwa 45, su kuma yi fure kusan lokaci guda, idan aka jera su a gefen hanya ko a fili mai faɗi suna ba da launi shimfiɗe wanda ke da wuyar samu daga rassan da aka tattaro daga wurare daban-daban. Daga nesa sun fi kyau, daga kusa kuwa na reshe ne ke jan hankali.

Game da rana, fakitin ya rubuta cewa shukar tana son cikakken hasken rana, wanda gaskiya ne a inda zafi bai tsananta ba, domin tana buƙatar aƙalla awa shida na rana kafin ta yi fure sosai. Amma idan zafi ya haura digiri 30 ya kuma daɗe a haka, furen yakan ragu, sabon ganye ya fito a koɗe, shukar ta tsaya cik har sai yanayi ya sassauta. A irin waɗannan wurare ranar safiya zuwa hantsi da inuwar bayan azahar sun fi mata, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara mata ruwa da taki don ganin ta yi laushi, wanda ke ruɓar da saiwa. Gwajin da ya fi inganci shi ne a cusa yatsa a ƙasa zurfin santimita 2 zuwa 3, idan da danshi a ƙyale ta, idan ya bushe a ba ta ruwa sosai a gindi har ya fito ta ramin tukunya, a guji jiƙa ganye. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba dacewa da ita saboda tana barin danshi ya fita ta jikinta. Ta fuskar ƙasa, jeraniyam na iri ya fi son ma'aunin tsami na pH tsakanin 6.0 zuwa 6.5, kuma idan ƙasar ta cika tsami yakan tsotsi sinadarin ƙarfe da manganis fiye da kima, sai tsofaffin ganyaye su yi ɗigo-ɗigo bakinsu ya ƙone, abin da mutane da yawa ke ɗauka cuta ce. Takin ruwa mai yawan fotasiyam sau ɗaya a mako biyu ya wadatar a lokacin fure, ƙananan tsiro kuma a ba su rabin adadin da aka rubuta, domin yawan naitirojin ganye yake haifarwa ya hana fure.

Ƙwari ba su dame shi sosai ba. Farin ƙuda da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye kan zo jefi-jefi, tsutsar da ke huda toho kafin ya buɗe ita ce ta fi ɓarna, kuma tsince ta da hannu da yamma yana rage ta. Cutar tsatsa, mai yin zoben gari ruwan ƙasa a ƙarƙashin ganye, tana kama nau'in mai zobe ko daga iri ya fito ko daga reshe, don haka duba bayan ganye ya zama al'ada.

Na gwada fakitin launi ɗaya da kuma na gauraye, kuma na farkon nake ba da shawara a kansa. A fakitin gauraye mai ƙwayoyi kaɗan babu tabbacin za a samu dukkan launukan da ke hoto, kuma ba a sanin launin kowace shuka sai ta yi fure, lokacin da an riga an dasa ta a mazauninta. Wani abin da ya kamata fakitin ya bayyana shi ne cewa ƙwayar da shukar F1 ta haifa ba ta maimaita kamannin uwarta, don haka tara iri daga gare ta ba ya ba da abin da aka saya. Hanyar da ta dace ga wanda wata shuka ta burge shi ita ce ya yanki reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 daga ƙarƙashin gaɓa da wuƙa mai tsabta, ya cire ganyen ƙasa, ya bar yankan ya sha iska na 'yan awoyi, sannan ya kafa shi a ƙasa mai yashi ba tare da rufe shi da leda ba. Cikin makonni biyu zuwa huɗu zai yi saiwa, kuma a wannan karon mai lambu ya san tarihin uwar tun daga ƙwaya. Haka nan ban ga gargaɗi a jikin fakitin ba cewa shukar tana cutar da kyanwa da kare idan suka ci ta, saboda sinadaran jeraniyol da linalul da ke cikinta, ko cewa ruwan ganyenta yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi a fata, alhali bayani ne da duk mai dabba a gida yake buƙata kafin ya zaɓi inda zai ajiye tukunyarsa.

Wanda yake son tukunya biyu ko uku masu manyan furanni a bakin ƙofa, kuma yana son su nan take, dashen reshe daga amintaccen hannu ya fi masa. Wanda kuwa zai cika fili, ko ya taɓa yin asarar shukokinsa ga cutar yaushi yana son ya sake farawa a kan tsabta, wannan iri shi ne zaɓinsa, da sharaɗin ya wanke tsofaffin tukwanensa sosai ya kuma yi amfani da sabuwar ƙasa. Kafin a saya a duba shekarar da aka rubuta a jikin fakitin, a kuma tabbatar takardar azurfar da ke ciki ba ta huje ba, domin ƙwayar da aka kankare ɓawonta ba ta jure doguwar ajiya a wuri mai zafi ko laima, kuma ya fi kyau a shuka ta duka a shekarar da aka saye ta.